Baba Lallaɓa da Injin da Ya Ƙi Ɗaukar Zafi

A kamfanin jigilar kaya inda nake aikin akawu, babu direban da ya kai Baba Lallaɓa daɗewa. Na same shi a wurin, maigadi ma ya same shi a wurin. Gajere ne kakkaura, furfura ta cinye masa gemu, kullum da ɗan tawul rataye a wuya, yana share fuska da shi ko babu gumi. Sunan nan kuwa tuƙinsa ne ya jawo masa. Ba ya fizgar mota, ba ya dukan giya, in ya hango rami tun daga nesa yake rage gudu. Shi ne zai fara fita da safe, shi ne kuma zai iso ƙarshe. Sauran direbobi suna yi masa dariya, amma motarsa ce ba a cika ganinta a gareji ba.

Tun zamanin marigayi mai kamfanin yake tuƙi a nan. Manajan da muke da shi yanzu ɗan marigayin ne, kuma a gaban motar Baba Lallaɓa ya sha zuwa makaranta yana ƙarami. Shi ya sa har yau Manaja ba ya kiransa da komai sai Baba, shi kuma yana ce masa Yallaɓai, har da ɗan rusunawa.

Abu ɗaya ne kowa ya san yana tsoro a duniya: zafin inji. Labarin ba ɓoyayye ba ne, don shi da kansa yake ba duk sabon direba. Yana saurayi, kafin ya zo wurinmu, wani ɗan kasuwa ya ba shi motarsa ta farko. Wata rana yana hawan dogon tudu da lodi, allurar zafi ta shiga ja. Ya ce a ransa bari ya lallaɓa ya kai sama tukuna. Bai kai ba. Injin ya yi wata ƙara, ya buga, tururi ya rufe gilashi. Mai motar ya karɓi makullinsa a bakin titi, a gaban mutane. Shekaru ya yi yana dakon buhuna a tasha kafin wani ya sake yarda ya ba shi sitiyari. Tun daga nan ba ya tafiya sai da jarkoki biyu na ruwa a bayan kujera, kuma idonsa ya fi zama a kan allurar nan fiye da madubi.

Gidansa yana can ƙarshen wani layi, ɗakuna uku da ɗan tsakar gida, inda mai ɗakinsa take kiwon kaji. Babban ɗansu yana aiki a wani gari, sauran an aurar, sai jikoki da ke zuwa hutu su cika gidan da hayaniya. Ba shi da wata sana'a bayan tuƙi, bai kuma taɓa neman wata ba.

Da kamfani ya sayar da tsofaffin motocin doguwar hanya ya kawo sababbi, shi aka fara ba makulli. Kowa ya ɗauka zai yi murna. Amma da ya dawo daga tafiyar farko, bai ko tsaya shan ruwa ba ya wuce gareji wurin babban makanikenmu, wanda muke kira Injiniya. Injiniya ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, don haka ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Kai mai baƙin hannu, fito. Motar nan da kuka ba ni zazzaɓi take yi."

Injiniya ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. "Zazzaɓin a jikinka yake, tsoho. Me ta yi?"

"Allura a tsakiya! Tun fitata har dawowata a tsakiya take zaune."

"To ina kake so ta zauna? A aljihunka? Nan ne wurinta."

"Tsohuwar motata ba ta taɓa wuce ƙasa ba."

"Tsohuwar motarka allurarta ta mutu tun ina koyon aiki. Je ka huta, ka bar ni in nemi abincina."

Haka suka yi ta yi. Duk dawowa sai Baba Lallaɓa ya je ya kai ƙarar allura, duk zuwa sai Injiniya ya kore shi da tsiya. Can wata rana sai ya daina zuwa. Kowa ya ce tsoho ya saba da sabuwar mota, aka manta da zancen.

Aikina ne in rubuta wa kowane direba takardar mai kafin ya fita, in kuma haɗa lissafi a ƙarshen wata: mota kaza ta bi hanya kaza, da lodi kaza, ta sha kaza. Motocin nan sababbi iri ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi, buhunan siminti iri ɗaya suke ɗauka. Da farko motar Baba Lallaɓa ce mafi ƙarancin sha, kamar yadda aka saba. Sai ta fara hawa. Wata na farko na ɗauka kuskurena ne, na sake haɗawa. Wata na biyu ta wuce 'yan'uwanta. A na uku, abin da take sha ya fi na kowacce da fiye da kashi ɗaya cikin goma. A mota ɗaya a tafiya ɗaya ba wani abu ba ne. A doguwar hanya, mako bayan mako, abu ne da ba a iya kau da kai. Na rubuta na miƙa, kamar yadda nake miƙa na kowa.

Manaja bai fara da zargi ba. Ya sa aka shigar da motar gareji. Injiniya ya duba tanki da tiyon mai ko akwai yoyo, babu. Ya canja matatar iska da ta mai. Ya gwada iskar tayoyi, ya ɗaga ƙafafun ya juya ko birki yana kamawa. Har nozul-nozul masu fesa mai cikin inji ya cire ya aika aka gwada a kan na'ura, aka dawo da su aka ce lafiyarsu lau. Ya mayar da komai, ya tayar da ita a tsakar fili, ta yi ƙara mai daɗi. Ya ce shi dai bai ga ciwo ba.

To in mota lafiyarta ƙalau kuma mai yana ɓacewa, kowa a wannan sana'a ya san inda hankali yake tafiya. Akwai masu jarkoki a bakin hanya da ke jiran direban da zai tsaya ya zuƙo musu da tiyo. Shekarar da ta wuce ma an sallami wani a kan haka.

Akwai wani benci a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da ƙofa, inda direbobi ke zama suna shan shayi kafin a kira lodi. Nan maganar ta fara. Wani ya ce ai mai tafiyar hawainiya yana da lokacin tsayawa inda ya ga dama. Wani ya tuna cewa kwanan nan aka sake wa gidan Baba Lallaɓa rufi. Ni na san ɗansa ne ya aiko aka yi, na kuma faɗa, amma ba wanda ya saurare ni. In ya doso bencin sai hira ta koma ta ƙwallo. Daga baya maganar ta fita ƙofa ta isa layinsu. Wata maƙwabciya ta tare mai ɗakinsa a wurin niƙa, ta ce mata tunda maigida yana samun mai a sauƙaƙe, ko za a taimaka musu da ɗan na janareta.

Ranar da Manaja ya kira shi ofis, ni ma an kira ni da takarduna. Baba Lallaɓa ya ƙi zama.

"Baba, zauna mana."

"Na gode, Yallaɓai. Haka ma ya yi."

"Ban ce ka yi komai ba, Baba."

"Ba ka ce ba. Amma ka kira ni, ga kuma Malam Akawu da fayil."

Manaja ya yi ta juya biro a hannu. A ƙarshe ya ce abin da za a yi shi ne a cika tanki har baki a gaban kowa, a sa masa kwaɗo, makullin kwaɗon yana hannuna, in bi motar zuwa da dawowa. Baba Lallaɓa ya ce ya yarda. Da muka fito ya dube ni ya ce, "Ka ga ikon Allah. Tunda nake ban taɓa roƙon mota ta sha mai ba sai yanzu." Gaskiyarsa ce. In ta sha kaɗan ina ciki, magana ta ƙare a kansa.

Ban taɓa shiga babbar mota doguwar tafiya ba sai ranar. Da sassafe ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki a tsaye, ya zagaya yana bubbuga tayoyi. Hayaƙi fari-fari yana fita daga salansa, mai yaji a ido. Da muka hau titi, abin da ya fara damuna shi ne ƙarar fanka. Huuu take yi ba tsayawa, sai mun ɗaga murya muke jin juna. Na ɗauka haka manyan motoci suke.

Tuƙinsa kuwa kamar yadda ake faɗa ne. Hannu biyu a sitiyari, ba waya, ba rediyo. Lokaci-lokaci yakan kai ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin wata allura da ke kwance can ƙasa, da ƙyar ta ɗaga daga inda ta kwana.

"Ka gan ta?" ya ce. "Lafiya ke nan."

Da muka hau wani dogon tudu ta ɗan ɗago kai. Muna gangarawa ta koma ta kwanta. A inda muka tsaya yin sallah ya buɗe gaban motar, ya kama hannuna ya ɗora a kan wani babban tiyo baƙi da ya fito daga saman injin ya shiga lagireto, inda ruwan inji yake hucewa.

"Taɓa, Malam Akawu, kada ka ji tsoro. Ka ji? Ɗumi kawai, kamar goshin jariri. Je ka taɓa na motocin yaran nan ka ga in fatarka ba ta saɓule ba."

Na yaba masa, don ni a sanina inji mai sanyi shi ne mai lafiya.

Muka kai kaya, muka kwana, muka dawo. Ba mu tsaya ko'ina ba sai inda na sani, kwaɗo bai motsa ba. Aka sake cika tanki a gaban jama'a. Ta sha kamar yadda ta saba sha, ba ragi.

Na ɗauka shi ke nan an wanke shi. Ashe ban san benci ba. Kafin la'asar an ce ai tsohon direba ya san yadda zai ƙona mai da gangan, ya riƙe mota a ƙaramar giya, akawu ina ya san giya? Wani ma ya ce wa ya sani ko an raba da akawun. Manaja kuwa ya shiga tsaka mai wuya. Ya ce min shi bai yarda Baba ɓarawo ba ne, amma ko sata ce ko tsufa ne ya canja masa ƙafa, kamfani ba zai ci gaba da ɗaukar asarar ba. Ya yanke cewa in wata ya ƙare ba a gano dalili ba, zai karɓi makullin ya ba wani, Baba ya koma kula da fili, a kira shi hutu. Da aka gaya wa Baba Lallaɓa, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Hutun da aka ba mutum ana tsakiyar wannan magana, kowa ya san sunansa."

Bayan haka da 'yan kwanaki na je gareji kai wa Injiniya takardar kayan gyara. Muna hira ya tambaye ni yadda na ji tafiya. Na ce ƙugu dai ya gaya min, kunne kuma har yanzu ƙarar fanka yake ji. Na ƙara da cewa amma a yaba wa tsoho, injinsa ko zafi ba ya yi, har hannu na ɗora a babban tiyo.

Injiniya ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Wane tiyo?"

"Na sama, mai shiga lagireto."

"Bayan kun hau tudu? Da siminti a baya?"

"Ƙwarai."

"Ka ɗora hannu ka bar shi?"

"Har na ɗan jima."

"Fankar kuma ka ce ba ta tsayawa?"

"Ko sau ɗaya."

Ya bugi goshinsa da bayan hannu, ya bar baƙin mai a wurin. "Ni ne sakarai. Tun ranar da tsohon nan ya daina zuwa damuna ya kamata in san ya yi wani abu."

Bai yarda da bakina kawai ba. Ya ce allura tana iya yin ƙarya, wayarta ko abin da ke aiko mata da saƙo yana iya mutuwa, sai an gwada. Da motar ta dawo daga hanya, tun kafin a kashe ta ya ɗauko wata 'yar na'urar gwada zafi da ake nuna wa ƙarfe daga nesa, ya nuna wa kan injin, ya nuna wa na wata 'yar'uwarta da ta shigo tare da ita. Tazarar ba kaɗan ba ce. Allura gaskiya take faɗa, injin ne ba ya ɗaukar zafi.

Washegari da safe, mota ta kwana ta huce, ya kira ni ya kira Baba Lallaɓa, ya sallami kowa daga garejin. Ya tayar da ita ya ce in riƙe tiyon nan. Ba a jima ba na ji ya fara ɗumi a hankali.

"Ka ji ko? A mota mai lafiya, tiyon nan zai zauna da sanyinsa, ya daɗe a haka, sai inji ya yi zafin da yake so, sannan ka ji zafi ya zo maka gaba ɗaya. Wannan tun daga tashi ruwa yake yawo." Ya kashe motar, ya leƙa bayan fanka da tocila. "Ga shi nan. An ɗaure ta da noti, an hana ta hutawa. Ban duba nan ba, don wannan karon ƙarar mai aka kawo min, ba ta zafi ba." Sai ya kwance wani ɗan murfin ƙarfe inda tiyon ya haɗu da inji, ya zura yatsu ciki, ya juya su a fili. Babu komai.

"Tsoho, ina tamostat ɗin mutane?"

Baba Lallaɓa bai yi musu ba. Ya hau motar, ya ɗaga kujerarsa, ya sauko da wani ƙulli a tsumma. Ya kwance. Wani ɗan ƙarfe ne mai zagaye da sifirin a jiki, bai fi cikin tafin hannu ba, an goge shi tas.

"Ban yar ba," ya ce. "Kayan kamfani ne."

"Wa ya cire maka?"

"Wani mai gyara a hanya. Ya ce turawa don ƙasarsu mai ƙanƙara suka sa shi, mu nan toshe inji kawai yake yi. Kowa cirewa yake. Tsohuwar motata ma ai babu shi."

"Shi ya sa tsohuwar motarka take shan mai kamar raƙumi, ba wanda ya gane don ba ta da 'yar'uwar da za a gwada ta da ita."

"Kai dai faɗi. Abin da ya tare wa ruwa hanya, ta yaya zai zama alheri?"

Injiniya ya ce, "Tsaya ka gani." Ya ɗauko tukunyar da suke dafa shayi, ya zuba ruwa, ya ɗora a kan risho, ya ɗaura wa ƙarfen waya ya saka shi ciki. Muka tsaya mu uku muna kallon tukunya kamar masu jiran abinci. Ruwa ya yi ɗumi, ƙarfe yana rufe. Ya fara tururi, yana rufe. Dab da tafasa sai ga bakinsa yana buɗewa da kansa, a hankali, har ya wangale. Injiniya ya ɗago shi ya riƙe a iska. Yana hucewa ya koma ya rufe.

Baba Lallaɓa ya ce, "Sake."

Aka sake. Ya sunkuya har tururi yana dukan gemunsa.

"Ƙofa ce, ba toshi ba," in ji Injiniya. "Maigadi ne. Yana tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafin da zai ƙona dizal sosai, in zafi ya kai ya buɗe ya tura shi lagireto. Kai ka kori maigadi, ka bar ƙofa a wangale, ka kuma sa fanka tana yi masa fifita dare da rana, ita ma ƙarfin injin take ci. Inji yana jin sanyi, yana ta neman ƙarin mai, wanda ya samu ma ba ya ƙona shi duka. Wani ya fita hayaƙi, wani ya gangara ƙasa." Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya kai masa hanci. "Shaƙa."

Ya shaƙa. Ni ma na shaƙa. Warin dizal ne a cikin baƙin mai, ya tsinke kamar ruwa.

"Da ka ƙara wasu watanni a haka, da ka sake kashe inji, wannan karon da sanyi."

Wannan maganar ce ta zaunar da shi. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna, ya cire tawul ya riƙe a hannu bai share komai ba. 

Saura matsala ɗaya. Dokar kamfani ce tun zamanin marigayi: ba a barin wani makanike na waje ya taɓa inji sai in mota ta mutu a hanya, kuma sai an kira an sanar. Wanda ya karya, kora ce. Injiniya ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Yaya," ya ce, ranar ce kaɗai na ji ya kira shi haka, "abin nan yakan lalace da kansa, ya maƙale a buɗe. Ba sabon abu ba ne. Sai in ce haka na same shi, na canja. Malam Akawu bai ga komai ba."

Ban ce na gani ba, ban ce ban gani ba. Baba Lallaɓa ne ya fitar da ni.

"A'a. In ka ce haka, gobe a benci za a ce taubashinsa ya rufa masa asiri, sun ƙirƙiro ciwo sun ɗora wa mota. Har in mutu ana kallon rufin gidana. Gara a ce tsohon wawa ne. Wannan dai da hannuna na saya."

Ya naɗe ƙarfen a tsummansa, ya nufi ofis, muna biye.

A gaban Manaja ya ajiye ƙullin a kan tebur ya faɗi komai da bakinsa, bai rage ba, bai kuma ambaci tudun ƙuruciyarsa don neman tausayi ba. Injiniya ya yi bayanin sauran. Manaja ya ɗauki ƙarfen yana jujjuyawa. Na ga ransa ya ɓaci, na kuma ga kamar an sauke masa kaya.

"Baba, da ka zo ka gaya min allurar tana hana ka barci."

"Na gaya wa wannan, ya ce in je in huta."

"Doka fa ka karya."

"Na sani, Yallaɓai. Hukunci naka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Ko korata za ka yi, ka fito ka tsaya a rumfa in faɗa musu da kaina, kana wurin."

Manaja ya yanke cewa zai sauka daga mota na wata guda ba alawus ɗin hanya. A gyara motar, wani direba ya yi tafiye-tafiyen watan da ita. In shan man ya koma daidai, makulli nasa ne. In bai koma ba, maganar farko tana nan.

Muka fita rumfa. Bencin cike yake, ana jiran lodi. Ganin Manaja kowa ya gyara zama. Baba Lallaɓa ya tsaya a gabansu, ya ɗaga ƙarfen sama.

"Ga ɓarawon man nan, 'ya'yana. Ni na cire shi da kuɗina, don ina ganin na fi wanda ya ƙera motar wayo."

Sai wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Wani ya ce, "Baba, ashe firji kake tuƙawa!" Wani ya ce daga yau a riƙa ba shi lodin ƙanƙara. Ya tsaya ya shanye, har da murmushi. Wanda ya fi kowa zaƙewa a zancen rufin gida bai yi dariya ba, bai kuma ba da haƙuri ba, ya tashi ya tafi duba tayarsa. Har yau ban ji ya ba da haƙurin ba.

Injiniya ya sa sabon tamostat, ya kwance notin fanka, ya zubar da baƙin man ya zuba sabo. Watan nan Baba Lallaɓa bai zauna a gida ba. Kullum yana fili, in motarsa ta shigo shi ne farkon zuwa, ya tambayi wanda ya tuƙa ta ina allura ta tsaya, ko ta taɓa wuce tsakiya, fanka ta kama a kan tudu ko ba ta kama ba. Har direban ya gaji ya ce, "Baba, wallahi ko likita bai kai ka tambaya ba." Tun tafiya ta biyu na ga inda lissafin ya nufa, amma ban ce komai ba sai da wata ya cika. Ta dawo cikin 'yan'uwanta, ba ta fi su ba, ba su fi ta ba. Na kai wa Manaja, ya karanta, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo min makullin ya ce in ba shi.

Da safe ya zo da wankakken tawul. Na ba shi makulli, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Injiniya yana daga bakin gareji yana ɗaga murya: "Tsoho, in ta kai tsakiya kada ka suma, ka yi ta salati kawai!" Baba Lallaɓa bai ko waiwaya ba.

"Malam Akawu, rubuta min mai."

Na jawo takarda. "Nawa zan sa, Baba?"

"Kamar na kowa," ya ce.